Nutson sukuba: Yadda ake gane kamfanin da ke ba da isasshen lokaci a ƙarƙashin teku

Nutson sukuba shi ne shiga ƙarƙashin ruwa da tukunyar iska goye a baya, mutum yana numfashi ta wata na'ura da ke rage ƙarfin iskar kafin ta isa bakinsa. Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, su ne suka ƙera na'urar a 1943, daga nan nutso ya zama sana'a kuma abin yawon buɗe ido. A gaɓar Bahar Maliya, garuruwan Masar irin su Sharm el-Shek da Hurgada da Dahab da Marsa Alam sun dogara matuƙa ga baƙin da ke zuwa kallon murjani da kifaye da tarkacen jiragen da suka nutse.

Ƙorafi guda ya yi yawa a bakin waɗannan baƙi. Mutum ya biya kuɗin jirgin sama da na masauki da na gurbi a jirgin ruwa, amma minti 40 da shiga ruwa sai jagora ya ƙwanƙwasa tukunyarsa, alamar kowa ya hau sama, alhali shi iskarsa ko rabi ba ta ƙare ba. Don haka masu nutso da yawa ke neman kamfanin da zai bar su su daɗe. Kafin a shiga neman, wajibi ne a bambance abin da ke hannun kamfani da abin da ba ya hannun kowa.

Abubuwa uku da ke yanke nutso

Na farko shi ne iska. A kowace mita 10 ta zurfi, matsin da ke kan jiki yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin da ke doron ƙasa. Saboda haka wanda ke mita 10 yana shan ninki biyu na iskar da yake sha a sama, wanda ke mita 30 kuwa ninki huɗu. Tukunya mai lita 12 da aka cika zuwa awon bar 200 tana ɗauke da iska lita 2,400. Al'adar masu nutso ita ce a fito da ragowar bar 50 saboda ko-ta-kwana, wato lita 1,800 ne abin amfani. Mai shan lita 20 a minti a doron ƙasa zai ƙarar da wannan cikin minti 45 a mita 10, a mita 30 kuwa cikin kimanin minti 22.

Na biyu shi ne naitirojin. Kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da ake shaƙa naitirojin ne, kuma a ƙarƙashin matsi yana narkewa cikin jini da tsoka. Idan ya taru da yawa, ko aka hau sama da gaggawa, sai ya koma kumfa kamar yadda lemon kwalba ke yi idan an buɗe shi farat ɗaya. Sakamakon yana farawa daga ciwon gaɓoɓi, yana iya kaiwa ga shanyewar jiki ko mutuwa. Masanin nan ɗan Sikotland, John Scott Haldane, shi ya fitar da jadawalin kariya na farko a 1908. A jadawalin PADI, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin horar da masu nutso a duniya, iyakar zama a mita 18 minti 56 ne, a mita 30 minti 20. A yau ƙaramar kwamfuta da ake ɗaurawa a hannu kamar agogo ita ke yin wannan lissafi.

Na uku shi ne jadawalin jirgin ruwa, kuma shi kaɗai ne kamfani ke da ikon sassautawa. Jirgin Birtaniya mai suna Thistlegorm, wanda jiragen yaƙin Jamus suka nutsar a watan Oktoban 1941, yana kwance a zurfin kimanin mita 30. Babu kamfanin da zai iya ba mai nutson nishaɗi sa'a guda a gindinsa. A kan murjanin Ras Muhammad kuwa, inda ake iya farawa daga ƙasa a riƙa hawowa sannu a hankali zuwa mita 10 ko ƙasa da haka, sa'a guda ba abin mamaki ba ce.

Dalilin taƙaita lokaci

Jirgin yini yakan fita da safe, a yi nutso biyu da hutun kimanin sa'a guda a tsakani, a dawo tasha kafin duhu. Wasu jiragen suna fita sau biyu a rana, ga kuma baƙin rana na jiran a dawo da na safe. A irin wannan tsari, kowane minti da aka ƙara a ruwa yana cin lokacin tafiya ta gaba. Shi ya sa ƙa'idar da aka fi ji a bakin jagorori ita ce minti 45 zuwa 60, ko ragowar bar 50, duk wanda ya riga zuwa.

Akwai kuma tsarin rukuni. Idan jagora ɗaya na kula da mutum takwas, kuma dokar kamfani ta ce a fito tare, to wanda ya fi kowa saurin shan iska shi ke yanke wa kowa lokaci. Sau da yawa sabon shiga ne, domin fargaba da yawan motsi na ƙara numfashi.

Wasu dalilan kuwa na tsaro ne tsantsa. A wurin da igiyar ruwa ke da ƙarfi, matuƙi na buƙatar sanin lokacin da mutanensa za su ɓullo da kuma inda za su ɓullo. Jagora ma ɗan Adam ne: yana nutso sau biyu ko uku kusan kullum, naitirojin na taruwa a jikinsa fiye da na baƙon da ya zo na mako guda.

Inda ake samun lokaci mai tsawo

Ƙananan jirage masu ɗaukar mutum shida zuwa takwas sun fi sauƙin daidaita lokaci, haka ma kamfanonin da ke fita sau ɗaya tak a rana. Jiragen kwana, waɗanda baƙi ke zama a cikinsu har mako guda, suna ba da nutso uku zuwa huɗu a rana, kuma ba sa rige-rigen komawa tasha. Nutso daga gaɓa ya fi kowanne 'yanci, tunda babu jirgin da ke jira. Dahab ta yi suna a wannan, haka ma tsibirin Bonaire a yankin Karebiyan, inda aka yi wa wuraren shiga ruwa alama da duwatsu masu launin rawaya, baƙo ya ɗauki tukwane a mota ya shiga lokacin da ya ga dama tare da abokin nutsonsa.

Kayan aiki ma suna ƙara lokaci. Tukunya mai lita 15 tana ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a kan mai lita 12. Akwai kuma iskar naitiroks, wadda aka ƙara wa oksijin zuwa kashi 32 cikin 100 maimakon 21. Tana rage taruwar naitirojin, amma ba a wuce kimanin mita 34 da ita, kuma sai wanda ya yi horo na musamman ake ba.

Tambayoyi kafin biyan kuɗi

Gwanayen nutso sukan nemi amsa a rubuce kafin su biya kafin-alƙalami. Shin akwai iyakar minti, ko kuwa iska da kwamfuta ne ke yanke nutso? Idan iskar mutum ɗaya ta yi ƙasa, rukuni duka ke fitowa, ko shi da abokinsa kaɗai? Ana raba rukuni gwargwadon ƙwarewa? Mutum nawa ne ga jagora ɗaya? Ana barin ƙwararru biyu su yi nutso ba tare da jagora ba, kuma wace shaida ake nema? Jirgin sau nawa yake fita a rana? Akwai babbar tukunya da naitiroks, kuma nawa ne ƙarin kuɗinsu?

Yadda kamfani ya amsa yana nuna halinsa. Na kirki shi ma zai yi tambaya: wace takardar shaida baƙo ke da ita, nutso nawa ya yi, yaushe ne na ƙarshe. Takardar matakin farko tana ba da izinin mita 18 ne, ta gaba mita 30, iyakar nutson nishaɗi kuwa mita 40. Kamfanin da ya yi alkawarin lokaci ba iyaka bai tambayi komai ba, abin gudu ne.

Lasisi da alhakin hukuma

Barin mutane su fito a lokuta daban-daban yana ɗora wa ma'aikatan jirgi nauyin ƙirga kowa da suna. A watan Janairun 1998, wani jirgin nutso a Ostireliya ya dawo tasha ya bar wasu ma'aurata Amurkawa a teku, ba a lura ba sai bayan kwana biyu, kuma ba a sake ganinsu ba.

Jiragen kwana ma suna da nasu haɗarin. A watan Satumban 2019 gobara ta hallaka mutum 34 a jirgin Conception a gaɓar Kalifoniya, masu bincike kuma suka gano babu mai sintirin dare kamar yadda doka ta tanada. A Bahar Maliya, 'yan Birtaniya uku sun mutu a gobarar jirgin Hurricane a watan Yunin 2023, sannan a watan Nuwamban 2024 jirgin Sea Story ya kife kusa da Marsa Alam, mutum 11 suka mutu ko suka ɓace. Waɗannan haɗurra sun sa ana tambayar yadda hukumomi ke duba jiragen da suke ba lasisi.

A Masar, CDWS, wadda aka kafa a 2007, ita ce ke tantance kamfanonin nutso kafin ma'aikatar yawon buɗe ido ta ba su lasisi. Baƙo na da haƙƙin ganin wannan shaida. Ya kamata kuma ya tabbatar da cewa akwai oksijin na gaggawa a jirgi, ya san inda ɗakin matsin iska mafi kusa yake, wato inda ake jinyar ciwon kumfar naitirojin, ya kuma mallaki inshorar da ta ƙunshi nutso. Araha ba ta ado: farashin da ya faɗi ƙasa da na kowa yakan nuna an yi tsimi a wani wuri.

Duk tsawon lokacin da kamfani ya bayar, wasu ƙa'idoji ba sa sauyawa. Ana tsayawa minti 3 a mita 5 kafin a fito, ana hawowa a hankali, kuma ƙungiyar DAN mai kula da lafiyar masu nutso ta ba da shawarar a jira aƙalla sa'a 18 kafin hawa jirgin sama bayan kwanaki ana nutso. Mai shirin tafiya ya sa wannan ranar hutu cikin lissafinsa tun kafin ya yanki tikiti.