Shiga Ruwa Don Iyo: Yadda Za A Zaɓi Wuri Mai Aminci

Da zafi ya tsananta a watannin Maris zuwa Mayu, yara da matasa na Gangara da ƙauyukan Jibiya kan nufi madatsar ruwa ta Jibiya da ke kan kogin Gada, wanda idan ya tsallaka Nijar ake kira Gulbin Maraɗi. Wasu kuma tafiya kan kai su bakin teku a Legas, Jidda ko tsibirin Zanzibar. Kowane ruwa da irin haɗarinsa.

Ruwan daɗi: tsargiya

Dam, tafki, kududdufi da magudanar noman rani su ne matattarar tsargiya. Idan mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar kan ƙyanƙyashe ya shiga jikin wata ƙaramar katantanwa. Daga nan 'ya'yan tsutsar ke fitowa su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan, ko da bai sha ba. Ido ba ya ganinsu, don haka ruwa garau ba shaidar tsabta ba ne.

Alamomin sun haɗa da ƙaiƙayi bayan fitowa daga ruwa, zazzaɓi bayan 'yan makonni, sannan jini a ƙarshen fitsari bayan kamar wata 3. Fitsarin jini ga yaro ba alamar balaga ba ce. Idan aka bar cutar, tana iya lalata ƙoda, ta jawo kansar mafitsara, ga mata kuma ciwon mara da matsalar haihuwa.

Ana gano ta da gwajin fitsari. Maganinta Praziquantel ne, ana auna shi da nauyin jiki, miligiram 40 ga kowane kilo. Ba ya hana sake kamuwa. Ruwan wankan da aka ɗebo daga dam, a tafasa shi ko a ajiye shi kwana 2 kafin a yi amfani da shi.

Ruwan teku: igiya da gajiya

Ruwan gishiri ba ya ɗauke da tsargiya, amma tafkuna da ƙoramu na cikin Zanzibar suna da ita. Haɗarin teku shi ne nutsewa. A zaɓi gaɓar da ke da masu ceto. Jar tuta na nufin kada a shiga. Idan ruwa ya ja mutum zuwa ciki, kada ya yi kokawa da shi. Ya yi iyo ta gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga jan.

A tsibirai akan kai baƙi cikin kwalekwale su kalli kifaye da murjani, sanye da tabaran ruwa da bututun numfashi. Kafin a biya kuɗi, a tambaya: akwai rigar hana nutsewa ga kowa? Jagora zai shiga ruwan tare da mutane? Ana ƙirga mutane kafin a juyo? Wanda bai iya iyo ba ya tsaya inda ƙafarsa ke taɓa ƙasa.

Waɗanda ya kamata su fara ganin likita

Masu farfaɗiya, ciwon zuciya, asma, hawan jinin da bai daidaita ba, da masu shan maganin da ke sa barci. Kada kowa ya shiga ruwa shi kaɗai, ko bayan shan kayan maye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021, kuma ƙananan yara na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Yaro kan nutse shiru, ba ihu.

Idan wani ya nutse

A miƙa masa sanda, igiya ko jarka marufe. Wanda bai ƙware ba kada ya faɗa ruwan. Bayan an fito da shi, idan ba ya numfashi, a hura masa iska baki da baki sau 5, sannan a riƙa danna tsakiyar ƙirji sau 30 ana hura iska sau 2. Kada a danna ciki don fitar da ruwa. Ko ya farfaɗo, a kai shi Babban Asibitin Jibiya ko asibiti mafi kusa, domin numfashi kan iya taɓarɓarewa bayan wasu sa'o'i.