Gadar Gaya da Baitulmalin Yamai

Duk wanda ya san Gaya kafin 2023 ya san ayarin manyan motocin da ke tasowa daga tashar ruwan Kwatano ta ƙasar Benin, su haye gadar Malanbil, su yi sahu a harabar duwan. Direba ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin motarsa, mai shayi na ciniki, masu fitar da takardu na ta kai da kawo. Kowane hatimi aka buga a nan, kuɗi ne ya nufi baitulmali a Yamai. Nijar ba ta da teku, kuma tun da aka gina gadar a 1958 rabo mai tsoka na kuɗin shigar gwamnati ta wannan ƙofa ya riƙa biyowa.

A zamanin Seyni Kunce, da yuraniyom ke tashe, har aka yafe wa talaka harajin kai. Daɗin bai jima ba. Farashin ya faɗi a farkon shekarun 1980, bashi ya taru, a 1983 gwamnati ta shiga shirin tsuke bakin aljihu da Asusun Lamuni na Duniya. Aka rage ɗaukar ma'aikata, aka sayar da wasu kamfanonin gwamnati, wasu aka rufe. Sai ido ya koma kan duwan.

A nan Gaya ta samu wani irin matsayi. Taba, atamfa, gwanjo, shinkafa, daga baya motocin hannu, duk kayan da Najeriya ta hana ko ta tsauwala wa kuɗin fito, sai su sauka Kwatano, su shigo ta Gaya da takardar wucewa, a biya wa Nijar haraji na musamman, sannan su sulale ta Kamba, Birnin Konni ko Maraɗi. Abin da Najeriya ke kira fasa-ƙwauri, a littafin Yamai halattaccen kuɗin shiga ne. Sai dai mabuɗin wannan rumbu yana hannun maƙwabci. Janar Buhari ya rufe iyaka a 1984, ba a buɗe ba sai 1986. Ya sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, kuma kowane karo Gaya ce ke fara ji a jika.

Ɓangaren rage kashe kuɗi kuwa da jini aka rubuta shi. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 aka harbe ɗaliban da ke zanga-zangar ƙin tsuke kuɗin ilimi a gadar Kennedy ta Yamai. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Ma'aikata suka riƙa bin gwamnati albashin watanni, yajin aiki ya zama ruwan dare. Don a sauƙaƙa nauyin albashi aka cika azuzuwa da malaman kwantiragi masu ɗan abin da bai kai ya kawo ba. A ganina wannan ne yankan da ya fi zurfi, domin giɓin da aka toshe a takarda ya koma kan yaron da ya gama firamare bai iya karanta wasiƙa ba.

An gwada aljihun mai saye ma. A 2005 gwamnatin Tanja Mamadu ta ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari a kan fulawa, madara, sukari, ruwa da wuta. Ƙungiyoyin yaƙi da tsadar rayuwa suka tsayar da birane cik a watan Maris, dole gwamnati ta janye mafi yawansa. Dokar kasafin 2018 ita ma ta fito da jama'a kan titi, aka tsare jagororin farar hula. Duk da haka harajin da Nijar ke tarawa bai wuce wajen rabin kashi 20 cikin ɗari na arzikin ƙasa da ƙungiyar UEMOA ta gindaya wa mambobinta ba.

Sai juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, Benin ta rufe gadar, masu ba da tallafi suka ɗauke hannu. A Oktoba hukumomin soja suka zaftare kasafin shekarar da kashi 40 cikin ɗari, daga kusan biliyan 3,300 na sefa zuwa ƙasa da 2,000, suka kuma kafa asusun ceton ƙasa da ake ciyarwa har da 'yan kuɗin da ake cira daga masu waya da matafiya. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, amma Nijar ta bar nata a toshe da kwantenoni bisa dalilan tsaro. Manyan motoci suka koma doguwar hanyar Lome ta Burkina Faso da rakiyar soja, farashin shinkafa ya hau. A Gaya kuwa aiki ya koma bakin kogi: 'yan dako na sauke buhuna daga mota zuwa kwale-kwale, fasinja riƙe da jakarsa yana ciniki da mai fito, gadar na tsaye a samansu babu mai bi.