Yadda ake zaɓen ingantacciyar RAM yayin ƙara wa kwamfuta ƙarfi

RAM ita ce ƙwaƙwalwar wucin gadi da kwamfuta ke ɗora aikin da take yi a kai. Idan ta yi kaɗan, na'urar takan yi nauyi ko ta riƙa sandarewa. Ma'aikacin ƙaramar hukuma ko mai shagon buga takardu a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa yakan nemi wannan kaya ne a Funtuwa, Zariya ko titin Beirut da ke Kano, don haka kuskuren saye yana jawo asarar kuɗi da maimaita doguwar tafiya. Buƙatar ta ƙaru tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 na buƙatar aƙalla 4GB, amma 8GB ta fi dacewa da aikin ofis.

Su wa ke ƙera ta?

Kamfanoni uku ne ke samar da mafi yawan ƙwayoyin RAM na duniya: Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, da Micron na Amurka. Akasarin RAM ɗin da ke cikin kwamfutocin HP, Dell da Lenovo tun daga masana'anta tasu ce. Akwai kuma kamfanonin da ke sayen ƙwayoyin su harhaɗa, kamar Kingston, wanda aka kafa a Amurka a 1987, da ADATA da Transcend na Taiwan. Duk waɗannan sunaye ne da aka daɗe da aminta da su. Crucial ma sananne ne, sai dai Micron, wanda ya mallake shi, ya sanar a Disamban 2025 cewa zai daina sayar da kaya da wannan suna.

Dacewa kafin suna

Ingancin kamfani ba ya amfani idan RAM ba ta dace da na'urar ba. DDR3, DDR4 da DDR5 ba sa shiga gurbin juna, domin tsagar da ke ƙasan kowacce a wuri daban take. Ta kwamfutar tafi-da-gidanka kuma ta fi ta tebur gajarta. Wasu tsofaffin na'urori na buƙatar DDR3L mai jan wuta 1.35V, kuma sukan ƙi tashi da DDR3 mai 1.5V. Akwai kuma kwamfutocin da aka liƙe musu RAM a jikin allo, ba su da gurbin ƙari. Manhajar CPU-Z, wadda kyauta ce, tana nuna nau'i, girma da saurin wadda ke ciki.

Gane jabu

Sunan da ya fi farin jini shi aka fi yi wa jabu, domin manna takarda a jikin kaya abu ne mai sauƙi. Mai saye ya kwatanta lambar da ke kan takardar da wadda CPU-Z ya nuna bayan an saka ta. Saɓani alama ce ta algus. Farashin da ya yi ƙasa sosai da na kasuwa ma abin zargi ne, domin araha ba ta ado. RAM ta gwanjo da aka ciro daga wata na'ura tana iya daɗewa, matuƙar ta tsallake gwaji.

Kafin barin shago

Abin da ya fi shi ne a je da kwamfutar kanta, a saka RAM ɗin a gaban mai ita, a gwada da Windows Memory Diagnostic ko MemTest86. Ko kuskure ɗaya ya bayyana, a mayar da ita. RAM mai lahani tana iya lalata bayanai ba tare da an ankara ba, ciki har da lissafin ciniki da jadawalin albashi. A karɓi rasidi mai ɗauke da lambar kayan da wa'adin garanti. Idan daga baya kwamfuta ta ƙi tashi a lokacin hunturu, a fara da kashe ta, a cire RAM ɗin, a kaɗe ƙurar gurbin, kafin a ɗora wa kamfani laifi.