Zuma, Rake da Fulawa: Tarihin Sakkwato a Cikin Kwallar Gara

Malaman da suka rubuta tarihin Sakkwato sun bar mana labarin yaƙi da sarauta da ilimi filla-filla. Mun san cewa Muhammadu Bello ya kafa birnin a 1809, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tare a cikinsa a 1815, ya kuma rasu a 1817. Mun san waziran da suka riƙe alƙalami da jaruman da suka riƙe takobi. Amma da wuya mutum ya ci karo da shafi guda da ya tsaya a kan abin da matan birnin suke kirɓawa a turmi, ko suke tsamewa daga kaskon suya, ranar da za a kai ɗiyarsu ɗaki. Wannan giɓi ne ya sa na waiwayi kwallar gara, domin a ganina nakiya da alkaki da dublan da tuwon madara da ake jerawa a cikinta kundi ne mai zaman kansa. Kowannensu ya shigo gidajenmu a wani zamani, ta wata hanya. In aka bi sawunsu ɗaya bayan ɗaya, za a ga yadda garin da ya taɓa samun zaƙinsa daga fadamarsa da dajinsa ya wayi gari yana jiran abin da jirgin ruwa zai sauke a Legas.

Gara, kamar yadda kowane Bahaushe ya sani, ita ce kayan abinci da dangin amarya suke kai wa gidan miji bayan biki, wani lokaci kuma bayan haihuwar fari. Akwai hatsi da mai a cikinta, amma abin da ido ke fara nema idan aka buɗe murfi shi ne kayan zaƙi. Da su ake raba wa dangin ango da maƙwabta, da su kuma amarya ke tarbar masu zuwa ganin ɗaki. Saboda haka dole su kasance masu jure ajiya a garin da zafin bazararsa kan haura digiri 40, a zamanin da babu firji. Zuma da sukari da suya cikin mai su ne dabarun da iyayenmu mata suka yi amfani da su wajen hana abinci lalacewa, daɗin baki kuma ya biyo baya.

Nakiya ce na ɗauka a matsayin tushe, domin kusan duk abin da ake bukata wajen yin ta ƙasar nan ce ke ba da shi. Shinkafa tsohuwar shuka ce a fadamun kogin Rima da na Sakkwato, kuma jar shinkafar da ake nomawa a can 'yar asalin Afirka ta Yamma ce, tun kafin zuwan farar shinkafar Asiya. Zuma daga amyar da aka rataya a bishiya take fitowa. Man shanu kuwa daga ƙwaryar matan Fulani. Ana wanke shinkafar, a daka ta, a soya garin har ya yi ƙamshi, sannan a haɗa da zuma da man shanu da citta da masoro da kimba, a yi ta kirɓi har sai ta kama jikinta. Nakiyar da ta kirɓu tana iya yin watanni a cikin kwalla ba ta sauya ba. A cikin dunƙule guda na nakiya akwai guminsu manomin fadama da makiyayi da mai ɗiban zuma da mai koli, wato dukan sana'o'in da suka riƙe kasuwar birnin a ƙarni na 19.

Da aka zo kan alkaki sai harshe ya fara ba da shaida. Kalmar alkama daga Larabci muka aro ta, haka ma alkaki da alewa da sukari da kanumfari. Sunayen kaɗai sun isa su nuna hanyar da waɗannan abubuwa suka biyo: hanyar ayarin raƙuma da ta haɗa Tarabulus da Gadamas da Agadas da biranen ƙasar Hausa, wadda fatake da malamai da alhazai suka yi ƙarnuka suna bi. Har yau a Tunisiya da Libiya akwai wani soyayyen ƙulli siriri da ake naɗewa a tsoma cikin ruwan sukari, sunansa dabla, kuma duk wanda ya san dublan ɗinmu zai gane ɗan'uwansa da gani. Sai dai alkama ba ta son zafi. A ƙasarmu sai da sanyin hunturu take yi, a lambun da ake ba ruwa da jigo, guga bayan guga. Wannan wahala ta sa ta zama hatsin sarakuna da attajirai, alkaki kuma ya zama abin alfarma. Gidan da ya cika kwalla da alkakin zuma ya gaya wa surukansa matsayinsa ba tare da ya buɗe baki ba.

Aikin alkaki kansa makaranta ce. Ana barza alkamar, a kwaɓa ta, a bar ta ta kwana ta yi tsami, a murza ta siri-siri a naɗe, a soya a wuta marar ƙarfi, sannan a tsoma cikin zuma ko ruwan zaƙin da aka dafa da tsamiya. Tsamiyar ce ke hana ruwan zaƙin daskarewa ya koma tsakuwa, abin da masana kimiyya suke bayyanawa a yau da cewa tsami yana farfasa ƙwayar sukari. Na ga wannan aiki da idona a gidanmu ina yaro, lokacin auren wata yayata, inda mata sama da goma suka kwana uku a tsakar gida. Kakata ce ke zaune kusa da murhu, ba ta auna komai da cokali, sai dai ta ɗiga ruwan zaƙin tsakanin yatsu biyu ta ja. In wata ta ƙosa ta ƙara itace, sai ta ce mata: "Ɗiyata, rage wutag ga, alkaki ba ya son gaggawa." Babu littafin da aka buɗe a kwanakin nan uku, amma 'yan matan da suka zauna suna murza ƙulli sun tashi da ilimin da ya kai wasunsu ga riƙe gidajensu.

Tsakanin zamanin zuma da zamanin farin sukari akwai zamanin rake. Manoman fadama sun daɗe suna shuka shi, ana sha, ana kuma matse ruwansa a dafa har ya daskare ya zama mazarƙwaila, kamar yadda ake dafa ɗinya a fitar da maɗi. Da irin waɗannan ake ɗaure riɗi ya zama kantu, ake kuma ja alewa. A nan ne wani labari mai ban mamaki ya shigo. A 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya sauka a Wurno ya kuma ziyarci Sakkwato. A yankin ya ga gonar rake ta wani Bafulatani da ya yi shekara 25 yana bauta a Birazil, ya dawo gida yana sarrafa sukari da fasahar da ya koyo a can. Mutumin da aka kama aka tsallaka teku da shi domin ya yi wa wasu noman rake, shi ne ya dawo da sirrin sana'ar bakin kogin Rima. Wannan ya nuna cewa shekara hamsin kafin zuwan Turawan mulki, akwai mai yin sukari a ƙasar Sakkwato da raken Sakkwato.

A watan Maris na 1903 sojojin Ingila suka ci birnin bayan artabun Giginya, alƙiblar ciniki kuma ta juya daga hamada zuwa teku. Layin dogo ya isa Kano a 1911, wani reshe ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929. Bai ƙaraso Sakkwato ba, amma kayan da yake saukewa sun ƙaraso a bayan jakuna da raƙuma, daga baya kuma a manyan motoci. Gyaɗa da auduga da fatun jar akuyar Sakkwato suka riƙa gangarawa kudu, kantunan kamfanoni irin su John Holt da UAC kuma suka riƙa kawo sukari mai ƙwaya da fulawa da kwanonin sha masu fenti. Sukarin kanti fari ne, ba ya bukatar tacewa, ana samunsa rani da damina. A hankali ya ture zuma daga kaskon alkaki, ya mayar da mazarƙwaila abin ƙwalamar yara. Hatta mazubin ya sauya, domin kwalla da fanteka da langa sun karɓi aikin da ƙwarya da akushi suke yi.

Bayan samun 'yancin kai sauyin ya ƙara sauri. An kafa kamfanin Flour Mills of Nigeria a 1960, injinsa na Apapa ya fara niƙa alkamar ƙasashen waje a 1962. Fulawa ta yi araha, dublan ya sauko daga gidajen manya ya shiga kowane lungu, cincin ya hauro daga kudu ya sami gurbi a kwallar gara kamar da shi aka fara. Madarar gwangwani da ta gari suka haifar da sababbin 'ya'ya: tuwon madara da gullisuwa da iloka. Abin lura shi ne, a ƙasar da take cike da shanu, waɗannan kayan zaƙi na madara da garin madarar da aka yo oda daga Turai ake yin su.

Bai kamata a yi wa wannan zamani kallon asara zalla ba. Arahar sukari da fulawa ta buɗe wa matan kulle ƙofar sana'a. Mace tana cikin ɗakinta za ta tuƙa tuwon madara ko ta ja alewa, yara su kai talla ƙofar makarantar allo ko bakin kasuwa. Da ribar take zubin adashi, da adashin take tara wa ɗiyarta kwanoni, ranar biki kuma ta cika su da aikin hannunta. Kuɗi masu yawa sun zaga cikin unguwannin birnin ta wannan hanya ba tare da sun shiga lissafin kowace hukuma ba.

Gwamnatoci sun yi yunƙurin mayar da noman waɗannan kaya gida. Masana'antar sukari ta Bacita ta fara aiki a 1964. An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978, da burin noman rani har da na alkama. A 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama, fulawa ta yi tsada, amma noman gida bai cike gurbin ba, aka janye hanin a 1992. Har yau mafi yawan alkamar da Nijeriya ke ci daga waje take zuwa, shi ya sa yaƙin Rasha da Yukren da ya ɓarke a 2022 ya taɓa farashin dublan a Sakkwato. Sukarin da muke saya kuwa, akasarinsa ɗanye ake shigo da shi daga Birazil a tace a Legas. Ƙasar da Bafulatanin nan ya baro da ilimin sukari a kansa, ita ce yau take sayar mana da sukarin a buhu.

Wannan dogaro yana da farashi a cikin gida. Duk lokacin da Naira ta faɗi, uwar amarya ce ke fara ji a jikinta, domin al'ada ba ta rage yawan kwallayen da ake sa ran gani ba. Gara da aka ƙirƙiro don a tallafa wa sabon gida ta zama abin gasa, har wasu iyaye na cin bashi saboda gudun gorin dangin miji, malamai kuma suna ta wa'azi a kan a sassauta. Ga shi kuma zaman kwana uku a tsakar gida yana ja da baya. Yanzu akan ba da kwangila ga masu sana'ar, a biya, a kawo a robobi. Sana'ar ta ci gaba, amma makarantar da ke cikin taron ta fara watsewa, domin yarinyar da ba ta zauna gaban kasko ba, ba za ta san lokacin da ruwan zaƙi ya yi ba.

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ba na kiran a koma ga jigo da amya a watsar da fulawa, domin tarihin da na bi ya nuna cewa kwallar gara ba ta taɓa rufe bakinta ga baƙo ba: ta karɓi na Larabawa, ta karɓi na Turawa, ta karɓi na kudu. Abin da nake kira gare shi guda biyu ne. Na farko, ɗaliban harshe da tarihi, musamman na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, su shiga gidaje su zauna da tsofaffin da suka san nakiyar zuma da alkakin alkamar lambu, su rubuta ma'auninsu da kalmominsu tun suna raye, kamar yadda aka tattara rubuce-rubucen malaman jihadi. Na biyu, masu tsara harkar noma su tuna cewa shinkafa da rake da alkama duk sun taɓa fitowa daga fadamar Rima suka shiga kwallar amarya ba tare da sun ga teku ba. Fadamar tana nan inda take, kogin bai ƙafe ba, kuma har yanzu akwai hannayen da suka iya kirɓi.