Rediyon RTLM da rawar da ya taka a kisan ƙare dangi na Ruwanda

A duk lokacin da masana ke muhawara kan tasirin kafofin yaɗa labarai a zukatan jama'a, da wuya a tashi ba a ambaci wani gidan rediyo na ƙasar Ruwanda ba, wanda aka fi sani da RTLM.

Gidan rediyon ya soma watsa shirye-shiryensa ne daga birnin Kigali a watan Yulin 1993, kuma bai daɗe sosai da cika shekara guda ba ya yi shiru. To amma a cikin wannan ɗan lokaci ne aka yi kisan ƙare dangin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa ya ci rayukan mutane kimanin 800,000 a cikin kwanaki 100, akasarinsu 'yan ƙabilar Tutsi, da kuma 'yan Hutu masu sassaucin ra'ayi.

Yanayin da aka kafa shi

A watan Oktoban 1990 ne 'yan tawayen ƙungiyar RPF, waɗanda mafi yawansu 'yan Tutsi ne da ke gudun hijira, suka kutso cikin Ruwanda daga Yuganda, lamarin da ya jefa ƙasar cikin yaƙin basasa.

A watan Agustan 1993 gwamnatin Shugaba Juvenal Habyarimana da 'yan tawayen suka sa hannu kan yarjejeniyar raba madafun iko a birnin Arusha na Tanzaniya. Masu tsattsauran ra'ayi daga cikin 'yan Hutu ba su yi na'am da yarjejeniyar ba, kuma daga cikinsu ne aka samu waɗanda suka kafa RTLM. Na gaba-gaba a cikinsu su ne Ferdinand Nahimana, wani malamin tarihi a jami'a, da Jean-Bosco Barayagwiza, wani ɗan siyasa, da kuma attajirin nan Felicien Kabuga.

Tun kafin zuwan rediyon, wata mujalla mai suna Kangura, ta Hassan Ngeze, ta share fage. A watan Disamban 1990 ta wallafa wasu dokoki goma da ke bayyana duk ɗan Hutun da ya auri 'yar Tutsi, ko ya yi hulɗar kasuwanci da su, a matsayin maci amana. Sai dai mujalla ba ta isa ko'ina ba, ganin cewa jama'ar karkara da dama ba su iya karatu ba. Rediyo kuwa yana shiga gida da gona da kasuwa.

Yadda ya ja hankalin jama'a

Gidan rediyon gwamnati na wancan lokaci ya saba da doguwar sanarwa da jawaban hukuma. Shi kuwa RTLM sai ya zo da kiɗan zamani, musamman na ƙasar Zayar, da barkwanci, da hira cikin harshen Kinyarwanda irin na kan titi. Masu gabatar da shirye-shirye irin su Kantano Habimana da Valerie Bemeriki sun zama tamkar abokan hirar matasa.

A cikin wannan raha ne ake cusa saƙon ƙiyayya. Ana kiran 'yan Tutsi da sunan kyankyasai, ana kuma nanata cewa kowane ɗan Tutsi ɗan koren 'yan tawaye ne. Da wasu sojoji 'yan Tutsi suka kashe shugaban ƙasar Burundi, Melchior Ndadaye, wanda ɗan Hutu ne, a watan Oktoban 1993, rediyon ya riƙa kafa hujja da kisan, yana gaya wa masu sauraro cewa irin abin da ke jiransu ke nan idan ba su tashi tsaye ba.

A ranar 6 ga watan Afrilun 1994 aka harbo jirgin saman da ke ɗauke da Shugaba Habyarimana a kusa da Kigali. Daga nan rediyon ya fito fili. Ya riƙa karanto sunayen mutane da lambobin motocinsu da wuraren da suka ɓuya, ciki har da wuraren ibada, yana kuma kiran jama'a su fita aiki, kalmar da kowa ya san kisa take nufi. Shaidu sun ba da labarin 'yan bangar Interahamwe a shingayen bincike, riƙe da adda da kuma akwatin rediyo.

Kwamandan dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙasar, Janar Romeo Dallaire, ya nemi a toshe tashar. Gwamnatin Amurka ta duba batun, amma ta janye, bisa dalilan tsadar aikin da kuma matsalolin shari'a.

Hukuncin kotu

A watan Disamban 2003 kotun ƙasa da ƙasa da ke zama a Arusha ta yanke wa Nahimana da Ngeze hukuncin ɗaurin rai da rai, Barayagwiza kuma shekara 35. Shugabar alƙalan, Navanethem Pillay, ta shaida wa Nahimana cewa ya haddasa mutuwar dubban fararen hula ba tare da ya ɗauki bindiga ko adda ba.

An kwatanta shari'ar da ta Julius Streicher, mawallafin jaridar 'yan Nazi, wanda aka rataye a 1946 bayan shari'ar Nuremberg. A 2007 kotun ɗaukaka ƙara ta rage hukuncin zuwa shekara 30 ga Nahimana, 35 ga Ngeze, da 32 ga Barayagwiza. Shi kuwa Kabuga sai a 2020 aka kama shi a kusa da birnin Paris, kuma a 2023 alƙalai suka ce ba shi da ƙoshin lafiyar fuskantar shari'a.

Abin da bincike ya nuna

Ra'ayin masana dai ya bambanta game da girman tasirin rediyon. Scott Straus, wanda ya yi hira da fursunoni fiye da 200 da suka amsa laifin kisa, ya gano cewa akasarinsu sun shiga ne saboda tsoron yaƙi da matsin lambar shugabannin yanki da maƙwabta, ba don abin da suka ji a rediyo kai tsaye ba.

Shi kuwa David Yanagizawa-Drott, a wani bincike da ya wallafa a 2014, ya kwatanta ƙauyukan da tashar ke kamawa da waɗanda tsaunuka suka tare. Ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 10 cikin 100 na waɗanda suka shiga kisan, wato mutane wajen 51,000, rediyon ne sanadin shigarsu. Ya kuma ga alamun cewa tasirin ya tsallaka zuwa ƙauyukan da ke maƙwabtaka, ta bakin waɗanda suka saurara.

Idan aka haɗa binciken biyu, za a ga cewa rediyon bai ƙirƙiro gabar ba, kuma ba shi kaɗai ya yi aikin ba. Abin da ya yi shi ne nuna wa jama'a wane ne abokin gaba, da kuma tabbatar musu cewa hukuma na goyon bayan kisan, kuma kowa yana ciki.

Bayan 1994

Rediyo ne kuma aka yi amfani da shi wajen neman sulhu. A 2004 aka soma watsa wani wasan kwaikwayo mai suna Musekeweya, kan wasu ƙauyuka biyu da ke gaba da juna. Wani bincike da Elizabeth Levy Paluck ta wallafa a 2009 ya nuna cewa shirin bai sauya aƙidar masu sauraro sosai ba, amma ya sauya fahimtarsu game da abin da al'umma ta yarda da shi, kamar auratayya tsakanin ƙabilu da bayyana saɓanin ra'ayi a fili.

Muhawarar ta sake tasowa a 2018, lokacin da masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya suka ce an yi amfani da Facebook wajen yaɗa ƙiyayya ga Musulmi 'yan Rohingya a ƙasar Myanmar. A watan Nuwamban shekarar, kamfanin ya amince cewa bai ɗauki isassun matakai na hana hakan ba.