Katifa a Ƙasar Hausa: Asalin Kalmar da Tarihin Cinikinta

Kalmar katifa ba Bahaushiya ba ce. An aro ta daga Larabci, inda ƙaɗifa ke nufin mayafi mai gashi-gashi da laushi. Da ta shigo Hausa sai ma'anarta ta tashi daga mayafin ta koma kan abin da ake ɗurawa a ɗinke a kwanta a kai. Aron nan yana nuna cewa abin baƙo ne, domin kayan shimfiɗar talaka na asali, watau tabarmar kaba da gadon kara, suna da sunayensu tun kafin zuwanta.

Katifar da aka fara sani a kasuwa ita ce ta audugar rimi da ta ciyawa. Mai ɗinki yakan ɗura ta a gaban mai saye, sa'an nan ya ɗinke bakin. In ta kwanta bayan 'yan shekaru, sai a farke, a shanya audugar, a ƙara sabuwa. Saboda haka kuɗin da aka kashe a kanta a cikin gari yake tsayawa, tsakanin mai tsinto auduga da maɗinki da mai yadi.

Soson roba ne ya sauya wannan. A 1937 Otto Bayer ya gano sinadarinsa a Jamus. A 1959 iyalin Moukarim suka kafa masana'antar gadajen ƙarfe a Kano, wadda daga gare ta kamfanin Mouka ya fito a Ikko a 1972. Vitafoam kuwa an kafa shi a 1962. Gadon ƙarfe da katifar soso suka shiga kayan ɗakin amarya tare, har ya zama abin kunya uba ya kai 'yarsa ba su. Abin da a da yake na masu hali sai ya zama wajibi a kan kowa.

Cinikin katifar soso yana da halaye uku. Na ɗaya, yawancin jikinta iska ne, tana cika mota ba nauyi, don haka kuɗin dako yana da tsada, kamfanoni kuma sukan kafa masana'anta kusa da masu saye. Na biyu, sinadaranta daga man fetur ake samunsu, daga waje kuma ake shigo da mafi yawansu, shi ya sa farashinta ke bin darajar naira, musamman tun da aka karya ta a 1986. Na uku, mutum ba ya sayen katifa sai bayan shekaru, dillali kuwa kullum cikinta yake. Mai saye yana auna kauri da inci, ya danna da hannu, alhali ƙarkonta yana ga yawan soson da aka matse a cikinta, abin da yadi ya rufe, ido ba ya gani.

A nan bambancin yake. Mai sayen katifar rimi ya ga abin da aka ɗura masa, in kuma ta lalace yana da mai gyara. Mai sayen ta soso sunan kamfani da amanar dillali kaɗai ya dogara da su, in ta lotsa kuwa sai sabuwa. Wannan nauyi a kan iyayen amarya ya fi faɗawa, domin su al'ada ta ɗora wa sayen, kuma a lokacin da hidimar biki ta riga ta cinye abin hannunsu.