Baƙuwa Mai Aron Suna: Sababbin Cututtuka a Tarihin Rano da Kibiya

Kakanninmu sun san agana. Saninta ya kai har suna tsoron ambaton sunanta, sai su sakaya su ce 'yan rani. Idan ƙuraje suka feso wa yaro, ba sai likita ya faɗi abin da ya shigo gida ba, kuma zanzanar da ke fuskar wanda ya tsira takan bi shi har kabari. Cutar da ido ke gani ana iya yi mata shinge. Shi ya sa da aka fara gangamin lamba a Afirka ta Yamma a 1967, shekara uku kacal aka yi aka ga bayanta a Najeriya, sannan a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shelanta cewa ta ƙare a doron ƙasa.

Waɗanda suka biyo bayanta ba su zo da tambari a fuska ba. Daga 1918 zuwa 2020, sababbin ƙwayoyin bairos sun sha ratsa ƙasar Kano, kuma kowacce ta ari sunan wata tsohuwar cuta ta shigo da shi: mura, zazzaɓi, ko mutuwar kaji. Abin da na fahimta daga wannan tarihi shi ne, a karkara irin Rano da Kibiya, mafi munin haɗarin sabuwar cuta yana cikin kwanakin da ke tsakanin isowarta da gane ta.

Rano tsohon gari ne na Hausa Bakwai, garin baba da rini, wanda bai taɓa rabuwa da fatake ba. Sai dai tafiyar ayari tana da wata kariya da ba wanda ya lura da ita. Wanda ya ɗauko cuta mai saurin kisa daga bakin teku, kafin jakuna su yi watanni su iso, ko dai ya warke ko an binne shi a hanya. Jirgin ƙasan da ya iso Kano a 1911 ya mayar da watannin nan kwanaki. A watan Satumban 1918 jirgin ruwa mai suna Bida ya sauke fasinjoji marasa lafiya a Legas, kuma kafin shekarar ta fita murar da ta addabi duniya a ƙarshen Yaƙin Duniya na Farko ta biyo layin dogo ta mamaye Arewa. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa ta kashe kusan mutum 500,000 a Najeriya. Da fari mura ce kamar kowace mura ta lokacin sanyi. Sai da ta gama ɗibar samari majiya ƙarfi Bahaushe ya raɗa mata suna, Marisuwa, ta zama abin ƙirga shekaru kamar yunwa ko mutuwar sarki.

Zazzaɓin Lassa ya fi kowace cuta gwanintar aron suna, don haka zan ɗan tsaya a kansa. A Janairun 1969 aka fara gano shi, bayan wata ma'aikaciyar jinya ta mishan, Laura Wine, ta kamu a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, ta rasu a Jos. Shekara guda bayan haka ya ɓarke a Jos ɗin, ya kashe likita Jeanette Troup, wadda ta yanke a hannu tana binciken gawa. Mai ɗauke da ƙwayar wani ɓera ne mai nonuwa da yawa, wanda ita ba ta yi masa komai, amma yana zubar da ita a fitsari da kashi a kan abinci. Cikin mutum biyar da suka kamu, huɗu ba sa jin komai ko kuma su yi ɗan zazzaɓi su miƙe. Na biyar ɗin kan fara da zafin jiki, ciwon kai da ciwon maƙogwaro, alamun da kowace uwa za ta rantse zazzaɓin cizon sauro ne ko taifot. Maganin da ake ba shi ya fi amfani a kwanaki shida na farko, wato daidai kwanakin da majinyaci ke shan maganin maleriya daga kyamis. Lokacin da jini zai bayyana, bakin alƙalami ya kusa bushewa.

Wanda ya san yankinmu ya san me ya sa wannan ya dame ni. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya canja fuskar kudancin Kano. Alheri ne babba, ba mai musu. Amma hatsi da kayan lambu da ke nan shekara zagaye abinci ne ga ɓera kamar yadda suke ga mutum. Ana shanya tumatir da masara a ƙasa a gefen titi su kwana a buɗe, da rani kuma yara na cinna wa daji wuta suna farautar ɓeraye, waɗanda suka tsere su nufi rumbu da ɗakin girki. A waɗannan watanni na rani ne cutar ke tashi a Najeriya kowace shekara. Kuma kada a ɗauka ƙaramin ma'aikacin ƙauye kaɗai take yaudara. A Janairun 2020 ta kashe likitoci biyu na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano bayan sun kula da wata mai juna biyu. Idan haka ta faru a inda ƙwararru suke, me ake tsammani daga wanda ke shi kaɗai a ɗakin shan magani a wani ƙauyen Kibiya?

Murar tsuntsaye ma haka ta yi. A Fabrairun 2006 aka tabbatar da ita a wata gona kusa da Jaji a Jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, kuma cikin wata guda aka same ta a Kano da Magariya ta Jamhuriyar Nijar. Matan karkara sun saba da mutuwar kaji da hunturu, kuma al'ada ce a yanka mai layi kafin ta mutu a yi miya.

Sai 2020. Ranar 11 ga Afrilu aka sanar da mutum na farko mai korona a Kano, aka kulle gari bayan 'yan kwanaki, ga tsananin zafi, ga azumi ya kawo kai. Masu haƙar kabari ne suka fara cewa aikinsu ya ninka. Ɗakin gwaji ɗaya tilo da jihar ke da shi a lokacin ya dakata na kwanaki. Aka yi ta jin rasuwar malamai, farfesoshi da dattawa, ana cewa hawan jini ne, ciwon suga ne, zazzaɓi ne. A cikin waɗannan makonni ne Rano ta yi rashin Sarkinta, Alhaji Tafida Abubakar Ila, Autan Bawo, ranar 2 ga Mayu, bai cika shekara guda da karɓar sandar sarki mai daraja ta ɗaya ba. Da yake Musulmi ba ya jinkirta jana'iza, ba a samu gawar da za a gwada ba, sai jami'ai suka riƙa bin gidajen makoki suna tambayar yadda mamaci ya yi jinya. A watan Yuni Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya bayyana sakamakon: mutum 979 sun rasu, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana jin korona na da hannu a ciki. Wannan adadi na ƙananan hukumomi takwas ne na cikin birni. Jihar Kano na da 44. Rano da Kibiya suna cikin 36 ɗin da lissafin bai ƙunsa ba, kuma a ganina wannan shi ne abu mafi nauyi a duk labarin.

Da gangan na tsallake 2014, domin ita ce shekarar da aka riga cuta. Ranar 20 ga Yuli, Patrick Sawyer ya sauka Legas daga Laberiya ɗauke da Ebola. Shi ma maleriya aka fara zato, har sai da likita Stella Adadevoh ta yi shakka, ta hana shi fita daga asibiti, abin da ya zama ajalinta. Kwana huɗu bayan saukarsa, ranar 24 ga Yuli, wani yaro a Sumaila, nan kudancin Kano, ya shanye, kuma shi ne na ƙarshe da ƙwayar shan inna ta asali ta kama a jihar. Labaran biyu suna da saiwa ɗaya. Bayan dakatar da rigakafin foliyo a Kano a 2003, wanda rashin yarda ya haifar, an koyi cewa ba a shiga gida sai ta ƙofa. Aka jawo sarakuna, hakimai, dagatai da masu unguwanni, har da ungozoma da masu ɗori, kowa ya zama ido. Yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da ƙafarsa ta saki farat ɗaya, za a kai rahoto, a ɗebi bayan gidansa sau biyu, a sa a ƙanƙara a aika Ibadan ko Maiduguri. Ma'aikatan da suka goge a wannan aiki na cikin waɗanda aka tura Legas, suka bi sawun mutum kusan 900 gida gida. Ebola ta tsaya a kan mutum 20, takwas suka rasu, aka sanar da ƙarewarta ranar 20 ga Oktoba. Ina makarantar sakandare a lokacin, kuma abin da ya iso mu bai wuce kiran waya na tsakar dare ba, cewa kowa ya tashi ya yi wanka da ruwan gishiri. Jita-jitar ta ratsa ƙasar nan a dare ɗaya.

Sai dai shan inna, kamar agana, tana barin alamar da mai unguwa zai gani. Zazzaɓi ba ya bari. Masana sun ce cikin sababbin cututtuka huɗu da ke kama ɗan Adam, uku daga dabbobi suke fitowa, mu kuwa da kaji da awaki muke kwana gida ɗaya, ga dajin Falgore a kudu da mu, ga motoci na kai mutum Kano ya dawo kafin la'asar. Mai unguwar da ya iya kai rahoton ƙafar da ta saki yana nan, ungozomar ma tana nan. Ba zai gagare su ba su kai rahoton gidan da mutum uku suka kwanta a mako guda maganin maleriya bai tashe su ba, ko unguwar da kaji suka ƙare dare ɗaya, muddin akwai wanda zai zo ya ɗebi jinin, da kuɗin man babur ɗin da zai kai shi Kano a ranar.